Lissafin Tsingaro

Kuɗin sun faɗo ran Laraba da la'asar,
ina cinikin dankali a Farin Gada.
Na duba waya sau uku, na bi sifirin da yatsa.
Ba su da yawa.
Wani a Rayfield zai ƙarar da su kan labulen falo.

A takardar nema an tambaye ni:
mutum nawa ne za su amfana?
Na daɗe riƙe da biro.
Waɗanda nake wa aiki sun kwanta dama
tun ba a raɗa wa Jos suna ba,
ba su da katin zaɓe, ba su da lambar waya.
Na rubuta arba'in. Allah ya yafe mini.

Na sayi kwali ashirin, auduga buhu guda,
cokalin magina biyu, igiya, batir,
da kwado mai nauyi don ƙofar sito,
tun da na da ya tafi a daren da gari ya hargitse.
Saura na zuba a tankin babur ɗin Davou,
mai shan mai kamar yana jin haushinmu.

Ƙauyen na bayan dutse. Ba zan faɗi sunansa ba,
masu fataucin kawunan yumɓu su ma sun iya karatu.
Ɗakuna ba jinka,
mangwaro na zuba ba mai tsinta,
akuya guda, ban san ta wa ba, ta raka mu har bakin rami.
Masu haƙar kuza sun riga mu zuwa,
sun tone ƙasa kamar kaza ta samu juji.
Abin da diga ta bari muka durƙusa muna tsincewa,
ni da salla a bakin rafi,
Davou da addu'arsa a gindin dutse,
kunnuwanmu duka a kan hanya.

Kwana tara. Tsingaro ɗari uku da sha ɗaya,
dutsen niƙa da ya lotsa don hidima,
da rabin fuska, ido ɗaya a huje,
tana kallona kamar na yi latti.

A shingen sojoji aka ce mu buɗe kwali.
Yaron ya ɗaga auduga da bakin bindiga,
ya ja da baya: kan wane ne wannan?
Na ce, ranka ya daɗe, shi muke bincike.
Na wane ɓangare ne?
Davou ya ce, lokacinsa ba a yi ɓangare ba tukuna.
Bai yi dariya ba, amma ya mayar da audugar da hannunsa.

A makarantar firamare inda aka tsugunar da mutanen ƙauyen
na shimfiɗa tsingaro kan benci.
Ngo Kangyang, da ba ta yi magana ba tun damina,
ta ɗauki ɗaya, ta shafa zanen wuyansa.
Ta ce, da igiya ake murza wannan, tun yumɓu na ɗanye,
haka kakata ke yi.
Sai ta sa babban yatsa a wani ɗan gurbi
inda maginiyar ta danna ta manta.
Ya zauna daram.
Ta riƙe shi har aka kira rabon masara.

Yanzu dare ya yi, an ɗauke wuta,
ina haɗa rasit da hasken waya.
Mai shayi ba ya ba da rasit,
mai facin taya ya dangwala mini yatsa da baƙin mai.
Naira ɗari bakwai ta yi saura,
kuma akwai layi a ƙasan takarda: sakamakon aiki.

Ruwa na dukan kwanon sito.
Na tashi na jawo kwali na sha huɗu
daga inda yake yoyo.