Takardar da Aka Kafa a Jikin Tsamiya

Ranar kasuwa, bayan la'asar,
wani mai babur ya zo daga Guri,
ya kafa takarda a jikin tsamiyar Bulama,
ƙusa huɗu, ya juya, ko ruwa bai sha ba.

Aka aiko yaro ya kira ni.
Shekara talatin da ɗaya na yi ina riƙe da alli,
yanzu awaki uku nake kiwo
da tabarau mai ƙafa ɗaya.
Amma in Turanci ya shigo garin nan
ƙofata yake fara ƙwanƙwasawa.

Na karanta a zuci har sau biyu.
Kalmar farko 'yar guntuwa ce: ban.
Ina furta ta, Cindo sarkin ruwa ya washe baki:
"Ban me? Ban ruwa? Ashe an tuna da mu."
Na ce, Cindo, a bakinmu ban miƙawa ne,
ban hannu, ban haƙuri, ban gajiya;
a bakinsu kuwa ƙofa ce aka ja da ƙarfi,
ko ban kwana babu.

Ta biyu doguwa, furohibit,
mai takalmi sau-ciki da hatimi a goshi.
Ba ta zaman zaure,
ba uwar da ke faɗa wa ɗanta ita.
A takarda take kwana, a kotu take tashi,
lamba a gabanta, tara a bayanta.

Fobid kuwa tsohuwa ce, ta san cikin gida.
Muryar kakata Iyallo ke nan
ran da ta ce kada in kuskura in leƙa rijiya.
Ba ɗan sanda, ba alƙali,
amma har yau in na matsa kusa da rijiya
sai gwiwata ta yi sanyi.

Ta ƙarshe, autlo, ita ta tsaya mini a wuya.
Abin da jiya yake cikin shinge,
yau an matsar da shingen an bar shi a waje.
Kakan Cindo da dumba ya yi aure,
da ita ya biya haraji, da ita ya je Makka.

Bulama Kaila ya ce, "Malam, taƙaita mana,
haram ne ko ba haram ba?"
Liman bai ko ɗago daga carbinsa ba:
"Haram ba ta zuwa a kan babur."
Aka yi dariya. Ni ban yi ba.
Ga wani ban ɗin kuma.

Na ce: an hana.
An hana tare bakin kogi da dumba,
an hana taru mai ƙananan idanu.
Kalma huɗu suka aiko,
na juye su a ƙwarya ɗaya,
na kuwa san wani abu ya zube a ƙasa.

Cindo ya daɗe yana kallon baƙaƙen da bai sani ba.
"A cikinsu wacce ce ta faɗi abin da za mu ci?"
Na gyara tabarau, na bi layi-layi,
har hatimi, har sa hannu.
Na ce ba su rubuto ta ba.

Da magariba na same shi a bakin ruwa
yana juya wata tarwaɗa da ba ta kai tafin hannu ba.
Ya ce, "Ai na sani, Malam. Ni ma ina gani.
Babana kaba yake ɗaurawa a kan gora
ya kafa ta a nan,
ba mai jefa ko fatsa sai ya cire."
Ya mayar da ita ruwa.
Na yi ta neman sunan kabar nan da Turanci
har na isa gida, ban samu ba.

Da safe akuyata ta kwance,
ta ɗora ƙafa a jikin tsamiya,
ta cinye tara, ta cinye hatimi.
Ban kaɗai ta bari, can sama,
inda wuyanta bai kai ba.