Saura Kamu Ɗaya

A Goronyo, inda ruwan Rima ke yin baƙi don zurfi,
injin ban-ruwan Alhaji Tunau ya suɓuce daga jirgi
ranar Laraba da hantsi.
Aka aika a kira babana.

Nomau mai nitso. Ba tulun iska, ba gilashin ido,
sai gajeren wando da igiya a ƙugu
da ƙirjin da Allah Ya ba shi.
Ya zauna a gefen jirgi kamar mai jiran liman,
yana jan iska a hankali, yana mayarwa,
har kafaɗunsa suka sauka.
Ya ce da ni, "Ƙidaya."
Ruwa ya rufe ƙeyarsa.

Ɗaya, biyu.
Igiya tana gudu a tafina kamar maciji ya ga rami.

Na san hanyar ko da ban taɓa bin ta ba,
ya sha faɗa mini ita a kan akushi:
a gaba uku kunne ke fara ƙara,
sai ka toshe hanci ka hura.
A gaba shida rana ta zama ruwan tsamiya.
Daga nan sanyi, daga nan duhu,
daga nan wurin da ruwa ke daina tura mutum sama
ya koma ja,
a hankali, kamar mai masauki ya riƙe hannun riga.

Tamanin. Casa'in.
Wani ya tofar da goro, wani ya fara salati.

"Ba zafin ƙirji ka kashe mutum ba," in ji shi,
"zafi abokinka na, shina tuna maka gida.
Ka ji tsoron sa'ad da zafin ya ɗauke,
ka ji daɗi, ka ji awa an shimfiɗa maka tabarma."

Ɗari da arba'in.
Igiya ta tsaya. Harshena ya bushe a kan lamba.
Na manta ko ni ma ina numfashi.

A ɗari da saba'in da ɗaya ya fasa ruwa,
leɓe ya yi shuɗi kamar an tsoma a baba,
jini siriri daga hanci zuwa gemu.
Hannunsa wayam.

Sai da ya biya ƙirjinsa bashi, ja bayan ja,
sannan ya ce, "Na gane shi. Shina kwance bisa laka.
Saura kamu ɗaya."

Alhaji ya buga cinya: "Kamu ɗaya tal, Nomau?
Na ninka kuɗin!"
Baba ya share hanci da bayan hannu,
ya dubi jinin, ya dube ni.
"Kamu ɗaya na zuwa. Wa za ya biya na dawowa?"

Muka tafi gida a ƙasa, ba ko sisi,
yana tafe yana karkata kai, ruwa na fita daga kunne.
Injin yana can har yau, kifaye sun san shi.

Da dare na ji yana minshari a zaure.
Na kwanta ina ƙidayawa.