Namijin Gwanda

Ran Laraba, saura kaɗan a tashi,
Tasalla ta ɗaga hannu daga bencin baya:
"Malama, wa ya riga zuwa, mace ko namiji?
In ɗaya ya riga, zaman me ya yi ta yi?"
Aji ya kwashe da dariya. Ni ban yi ba.
Allin hannuna ya karye,
ƙararrawa ta cece ni.

Da la'asar na hau acaɓa zuwa lambun Baba Nomau,
can wajen Daberam, inda ƙasa ba ta rabuwa da laima.
Na iske shi gindin gwanda, ya riga ya kai sara ɗaya.
"Namiji ne," in ji shi, "ci-ma-zaune.
Shekara biyu sai fure, sai shan ruwa."
Na ce, "Kayar da shi, mu ga abin da matan za su haifa baɗi."
Ya jingine gatarin, ba don ya yarda ba.

Sai na zazzage masa abin da na karanto a Katsina:
cewa tun rai yana ƙwaya guda a cikin ruwa,
ba uwa, ba uba, tsagewa yake ya zama biyu,
kowa kamar da hatimi ɗaya aka buga shi.
Cuta in ta gane ƙofar gida guda
ta gane ta gari duka.
Cikin shekarun da ba su ƙirguwa
wasu suka soma cuɗanya abin da ke cikinsu.
Wani iri ya yi nauyi, ya zauna da guzuri,
wani ya ƙanƙance, ya koyi tafiya.
Mai guzurin ita ce mace.
Mai tafiyar, ga shi nan kana son sarewa.

Baba ya furzar da tuƙar goro.
"Rogon can, kara nake yanka in binne,
bai taɓa neman aure ba.
Shekarar da ciwo ya shigo, rana ɗaya ya kwanta duka.
Wannan na sani tun kina goye.
To amma wa ya raɗa wa ƙwayar taki dabara?
Kin taɓa ganin tukunya ta gina kanta?
Ni abin da na ji a gaban malamina,
daga rai guda aka yi mu, aka fitar masa da abokiyar zama,
kuma komai bibbiyu aka yi shi,
har dabinon nan da nake hawa da tsufana
in ɗaura wa macen furen miji."

Na tono tana a bakin kwari, na ɗora masa a tafi.
"Wannan fa? Mace ce, namiji ce, a jiki ɗaya."
Ya daɗe yana kallonta tana murɗawa.
"Ita kaɗai take haihuwa?"
Na ce a'a, sai ta nemi 'yar'uwa.
Ya ce, "Kin ji ko."
Ni ma na ce, "Ka ji ko."
Ya mayar da ita cikin laka, ya rufe ta da yatsa.

Magariba ta same mu a nan.
Buta ɗaya ce, ya yi alwala ya miƙo mini saura.

Washegari na kai wa Tasalla fure biyu a leda,
siriri mai tsawon wuya, da mai ƙaton ciki.
Na ce ta zana su. Tambayarta na nan, ban biya ba.

Wata biyar bayan haka Baba ya aiko yaro:
in zo in gani.
Namijin nan, mai tabon gatari a gindi,
ya rataya ɗa guda a doguwar igiya,
ɗan tsurut, kamar kunya yake ji.
Muka tsaya ƙarƙashinsa, ni da tsohon,
kowa yana jiran ɗaya ya fara magana.