Kafin Ka Sauka Ramin

Mudassir, ajiye shayin, riƙe wayar da hannu biyu.
Ruwa na dukan kwanon shagon Dalyop,
ƙanƙara ma ta soma,
yau babu mai kawo gyara Taminus.

Abu na farko, za ka mutu.
Kada ka yi mini wannan fuskar.
Ni na mutu sau ɗari biyu da sha bakwai
kafin in ga ƙofar hawa na uku.
Lissafin na bayan kwalin caja, in kana musu.

Ramin nan ba ya maimaita kansa.
Hanyar jiya an goge ta,
inda ka bar tsani, yau tsini za ka tarar.
Bar haddar hanya, haddace hali:
jemage a karkace yake saukowa,
gizo-gizo sai ka shiga ƙarƙashinsa yake sako jiki,
ƙwarangwal ɗin can da ke kwance kamar babu ruwansa
likimo ya yi.

Leƙa kafin ka dira.
Danna ƙasa, allon zai nuna maka abin da ke jira.
In duhu ya hana, jefa dutse,
gara kibiyar tarko ta ci dutse
da ta ci haƙarƙarinka.

Kakanmu Tanko ya haƙi kuza a Bukur,
ba ka riske shi ba.
Yatsu uku ne a hannunsa na hagu,
da su yake nuna mu in ya ce:
mai shiga rami igiyarsa yake fara ƙirgawa,
riba sai an fito.
To igiyarka huɗu, bam ɗinka huɗu.
Kada ka fasa bango don ƙyallin tsaba ɗaya.
Akwai lungun da ba shi da mafita
yana nan gaba, yana jiran bam ɗin da ka ɓarnatar.

Ka ga akwatin can a bakin gaɓa?
Na san ka gani, yatsanka har rawa yake.
Kwaɗayi mabuɗin wahala,
a nan kuwa har mabuɗin suna ba ka kyauta.
Zuciya uku gare ka a saman allo.
Zinariya ana samun wata,
zuciya sai an sha wuya.

Makami ɗaya, ka zauna da shi.
Ka san tsawon hannunsa,
ka san numfashin da yake ja tsakanin sara da sara.
Dalyop yakan sauya takobi duk ɗaki
kamar direban da ke sauya layi a Farar Gada,
shi ya sa har yau bai wuce hawa na biyu ba.
(Yana jin mu. Bar shi ya yi tsaki.)

In ka isa wurin babban dodo,
karon farko kada ka kai hannu.
Yi ta kaucewa, kana kallo.
Sau nawa yake dukan ƙasa? Ina yake juya baya?
Mutuwar da ka fito da amsa daga cikinta
ba asara ba ce.

In kuma ranka ya ɓaci, kife wayar.
Fushi ba ya auna tsalle.
Fita ka sayo mana dankali wurin Kachollom,
ramin ba ya gudu.

Yawwa, tafi. A hankali.
Tsalle. Tsaya. Bar shi ya wuce.
Kai, Mudassir, na ce bar akwatin!

Shi ke nan.
Miƙo biro, ga kwalinka sabo.
Rubuta ɗaya,
a gefe ka rubuta abin da ya kashe ka.
Batir saura kashi tara,
zai ishe ka mutuwa biyu.
Danna.