Tsakanin Ɗaya da Biyu

A Diyeng gajimare ba ya kwana a sama,
ƙasa yake sauka, tsakanin kunyoyin dankali.
Da asuba nakan ture shi da fitilar babur,
buhu biyu a baya, ɗaya a kan tanki,
in gangara Wonosobo kafin 'yan sari su watse.

Babur ɗin na Darmaji ne.
Shekara goma sha ɗaya yana hawansa,
ni kuwa wata bakwai,
tun ranar da aka sauko da shi daga gona a kan ƙyaure.

Daga firi zuwa ɗaya: gwaf!
Sai ya zabura kamar akuyar da aka taka wa wutsiya.
Daga ɗaya zuwa biyu: ƙararas, ƙwas,
haƙori na cizon haƙori a cikin baƙin mai.
In na tsaya a mararraba, kuloci a matse,
ba ya tsayawa, sai ya riƙa jan ciki,
yana son zuwa inda ban aike shi ba.
Firi kuwa laluben ta nake da ƙafa
kamar allurar da ta faɗi a duhu.

Haka mai shi yake gyaran murya
kafin ya faɗi abin da ba ya son faɗa.
Har na saba amsawa.
Gwaf. "Na'am."
Ƙwas. "Na sani, farashi ya faɗi."

Wata Laraba, a kwanar da ke warin farar wuta,
giya ta ƙi shiga, na gangara a sake,
birki kaɗai tsakanina da kwazazzabo.
Da ƙafa na tura shi rumfar Pak Kasiran.

Tsoho ne, kunnensa ɗaya ya mutu.
Ya ajiye tabarsa mai ƙamshin kanumfari,
ya kafa bakin sukundireba a jikin injin,
ya tokare ƙotar da ƙashin muƙamuƙi,
ya lumshe ido.
Ni ina can ina lissafi a zuci:
faifan kuloci, haƙoran giya,
buhu nawa ke nan?

Bai kwance komai ba.
Ya ce, "Matsa in gani."
Na matsa.
Ya ce, "Miƙo hannun."
Ya ɗora tafina a kan nasa, ya dubi inda yatsuna suka ƙare.

"Giyarki lafiya lau.
An ɗaure wayar nan ne daidai hannun wani,
mai dogayen yatsu.
Ke in kin matsa, rabi kike kaiwa.
Faifan ba su rabu ba, ba su kuma haɗu ba,
gugar juna kawai suke,
injin na riƙe da taya, ke kina neman canji.
Ba a shiga wata giya, Sumarni,
sai an saki ta farko sarai."

Waya yake kallo da ya faɗi haka, ba ni ba.
Ya murɗa ɗan noti zagaye biyu da rabi,
ya ɗiga mai,
ya karɓi kuɗin kofi ɗaya.

Na hau.
Ɗaya: ɗas.
Biyu: kamar cokali a cikin zuma.
Uku. Huɗu.
Duk tsawon hawan dutsen nan
babu wanda ya yi gyaran murya.

A kwanar farar wuta na ja birki.
Ya tsaya cak.
Taɓawa ɗaya, firi ta zo, koriyar fitila ta kama.
Na zauna ina jin injin yana numfashi shi kaɗai,
har gajimare ya sauko ya rufe gonaki.

Ban gaya wa Pak Kasiran ba, zai yi faɗa.
Amma wani lokaci, in hanya ba kowa,
nakan matsa rabi da gangan,
in taka giya,
in ce, "Na'am."