Baƙin Cikin Darɓa

Babana Mantau bai taɓa kallon darɓa ido da ido ba.
Ya san maiƙonta a bayan ganye,
ya san tururuwan da ke kiwonta suna tatsa,
ya san shekarar da gyaɗa ta kuturce
tun daga Jiratawa har bakin Gulbi,
ganye ya dunƙule kamar hannun marowaci.
Ya tumɓuke kunya guda, ya kakkaɓe,
ba ƙwayar da za a jefa wa yaro a baki.
A shekarar ya sai da sa, ya sai da garma.
Galmar kakanmu ce kawai ta tsira, don ba mai saye.

Ni ce ɗiyarshi ta huɗu,
wadda aka kai lakkwal don hauya ta ƙi hannunta.
Yau ga ni a Tarna, ido ɗaya a kan madubi mai ƙara girma,
da allura biyu ina feɗe
abin da bai kai ƙwayar gero ba.

A cikinta akwai gari.
Gari sosai, da unguwanninsa,
'yan mitsil-mitsil ɗin halittu cunkus kamar kasuwa ran Litinin.
Su ke dafa mata abin da ruwan ganye ya hana ta.
In ka kore su, ta rame, ta daina haihuwa.
Muna zaton a wurinsu cuta ke samun tabarma,
ta kwana, ta hau darɓa kamar kabu-kabu,
ta sauka a gonar da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba.

Shugabarmu Sahura ta ce,
"Mun gaji da jifan mai babur.
Mu sake masu masaukin,
mu zuba waɗanda ba su ba baƙuwa ko ruwan sha."
Faɗa da baki dai ba wuya.
Keji goma sha biyu muka ɗinka da gidan sauro.
A watan zafi wuta ta ɗauke kwana biyu,
firji ya yi zufa,
aikin wata biyar ya koma ruwa mai wari.
Na wanke kwalabe ina kuka, na buɗe sabon kaye.

Wata Jumma'a sai ga baba,
da bidon na maganin feshi ɗaure a bayan keke,
wanda ke sa shi tari har asuba.
Ya leƙa keji, ya dube ni.
"Barira, ashe kiwon maƙiyina ake biyanki?"
Na ja mishi kujera, na daidaita madubi.
Ya rufe idon da bai kamata ba, muka yi dariya,
ya sake.

Ya daɗe.
Har na ji ƙarar fanka, har na ji kiran salla daga nesa.
Da ya ɗago sai ya ce,
"Ita ma ashe ɗora mata kaya aka yi."

Na nuna mishi keji na bakwai:
cikin tushe ashirin, biyar suka kamu.
Na maƙwabcinsa, sha huɗu.
"To yaushe zai iso gonata?"
Na ce damina ɗaya ba ta isa shaida ba,
wataƙila sa'a ce, wataƙila kuskurena ne,
kuma abin da aka saki a iska ba a kiransa ya dawo.
Ban sani ba, baba.

Ya gyaɗa kai kamar wanda aka gaya wa farashi.
Bai kwance bidon ɗinsa ba, ban kuma hana shi ba.
Amma kafin ya fita ya zazzage aljihu,
ya bar mini gyaɗar iri, tafi guda, a kan kaye,
ja, ƙanana, irin ta uwarsa.

Na ture su gefe da gindin alƙalami.
Na koma keji na bakwai,
na sake ƙirgawa daga farko.