Ranar Ziyara

Ni na buga takardun.
Gara in fara da wannan, kada wani ya ɗauke ni jarumi.
Guda ɗari biyar, baƙi da fari,
a tsohon injina na layin Dilimi
mai yin tari kafin ya tashi.
Sallau ya biya rabi, ya ce ciko sai bayan tattaki.
Har yau ina bin sa,
kuma ban taɓa son wani bashi kamar wannan ba.

Me ke ciki? Kuɗin mudun masara bara,
kuɗinsa bana,
sai tambaya ɗaya a ƙasa da manyan baƙaƙe:
aljihun wa ya cika?

Ƙarfe uku na dare suka zo, babu sallama.
Da takalmi ƙafa ɗaya suka fita da Sallau.
Ina cikin bargo na ji motar
ta rage gudu a ƙofata, ta wuce,
na yi hamdala.
Hamdalar nan ce ke hana ni barci.
Da gari ya waye suka bi ta Gada Biyu
suka ɗauke Dachollom a bakin walda,
baƙin tabarau na goshinsa, ƙarfe bai huce ba.

Takardar tuhuma ta ce cin amanar ƙasa.
Wata goma sha ɗaya ke nan.
Sau bakwai ana ɗage zama:
alƙali ya tafi taro,
fayil ya yi ƙafa,
motar fursuna babu mai.

Yanzu duk Asabar ina layi a bakin gidan yari,
sanyi na cizon kunne.
A gabana Ngo Kaneng, uwar Dachollom,
da kular gwate ɗaure a tsohon zane.
A garin nan da aka kasa mana unguwanni kamar naman watanda,
inda mai adaidaita zai taka birki ya ce daga nan ba ya wucewa,
wannan layi ne kaɗai
ba a tambayar sunanka kafin a matsa maka.
Tana jan carbinta mai gicciye, ina jan nawa,
mu biyun ƙofa ɗaya muke kallo.

Gandiroba ya tsoma cokali cikin gwaten,
ya juya, ya sake juyawa,
ko reza yake nema ko wasiƙa, oho.
Ta ce, “Ɗana, tunda ka sa hannu, ɗanɗana mini gishirin.”
Bai ɗago kai ba.

Minti biyar ta bayan raga.
Sallau ya rame har haƙora sun yi masa yawa.
Ya ce bargo ɗaya suke ja shi da Dachollom,
kuma Dachollom ke tashinsa sallar asuba
don shi barcinsa ba nauyi.
Da ya dafa ragar na ga ɗan yatsansa na tsakiya
ba ya lanƙwasuwa.
Na kalli yatsan, na kalle shi.
Ya ce, “Sun tambayi wanda ya buga.
Ka san ni da mantuwa.”

Bai tambayi lauya ba.
Cewa ya yi, “Nawa mudu yanzu?”
Na faɗa masa.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi:
“To ai waccan ta tsufa, sai ka sake wata.”

Na raka Ngo ta hau mota, kula babu komai a cinyarta.
Da rana na buga katin biki da kalandar wata coci.
Bayan isha na ja ƙofa, na zuba wa injin mai,
na jera sunayensu su goma sha tara,
har da yaron da ba wanda ke zuwa dubawa.
Gurbin farashi na bar shi fili,
kowa ya cike da biro ranar da ta iske shi.
Hannuna na rawa, ba zan ɓoye ba.
Injin ya yi tari sau biyu,
ya tashi.